Hannun Andrawus Kafinta

A shekarar 1955, duk wanda ke neman ƙyauren ɗaki mai ƙwari ko akwatin kaya a Bauchi, in ya yi tambaya sai a ce masa ya nufi Fadaman Mada, ya nemi rumfar Andrawus kafinta. Mutumin kudancin lardi ne, daga wajen Bogoro. Ya koyi aikin katako a hannun 'yan mishan tun yana saurayi, ya shigo birni da matarsa Liatu da akwatin kayan aiki guda. Cikin 'ya'yan da suka haifa ɗaya ne ya rayu, Toma, shi kuwa tuni ya tafi Jos haƙar kuza. Liatu ƙuli-ƙuli take yi a gida, ana zuwa saye har daga Kobi.

Abin da aka fi sanin Andrawus da shi shi ne, ba ya bugun ƙusa fiye da sau uku. Bugun farko ya tsayar da ita, na biyu ya kai ta rabi, na uku ta shige har kai. Mutane kan tsaya a bakin rumfa su ƙirga masa, shi ko kallonsu ba ya yi.

A daminar shekarar ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko layin fensir ne ya daina gani sosai, sai ya riƙa fita da katako rana. Kafin kaka, fuskokin mutane sun zama kamar an shafe su da farar ƙasa.

Maƙwabcinsa Malam Mansir, ɗan cikin gari da ke sayar da kananzir da sabulu kusa da rumfar, shi ne ya kawo masa wani baƙo da ke yawo gari-gari yana ture wa mutane yanar ido da allura. Mansir ya rantse cewa da idonsa ya ga wata tsohuwa da mutumin ya buɗe wa ido a Zungur. Aka zaunar da Andrawus a kan turmi, maza biyu suka riƙe shi, aka yi wa idon hagu aiki. Kwana biyu yana ganin haske, a na uku idon ya kumbura ya fara ruwa. Kafin a nemi baƙon ya bar gari. Idon hagu bai sake ganin komai ba.

Mansir ya yi mako guda bai iya haɗa ido da Liatu ba. Daga baya shi ne ya nemo musu wuri a babbar motar wani ɗan uwansa mai kai fata Kano, ya kuma raka su har asibitin ido. A can aka cire yanar idon dama. Da aka kwance bandeji, Andrawus bai ga komai ba sai haske da inuwoyi masu motsi. Sai bayan makonni aka ɗora masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, nan take ya ga zaren da ke jikin rigar likita, ya ga furfura uku a goshin Liatu waɗanda bai san da su ba.

Malamin asibitin da ke fassara maganar likita ya miƙo masa kofin ruwa. Andrawus ya kai hannu, ya damƙi iska. Kofin yana can gaba, da tazarar yatsu huɗu.

"Kada ka damu, Baba," in ji malamin. "Wannan gilashi yana ƙara wa abu girma, yana jawo shi kusa. Idonka ya warke. Hannunka ne yanzu zai koma makaranta."

"Hannun da ya shekara talatin yana aiki?"

"Shi ɗin. Ka yi ta amfani da shi, kada ka bari a riƙa miƙo maka komai. Kanka da kansa zai gyara awon."

Da suka dawo Bauchi, Andrawus ya tarar da garin ba yadda ya bar shi ba. Ƙofar ɗakinsa, wadda shi ya kafa ta a miƙe, ta lanƙwashe kamar baka. In ya juya kai sai katanga ta yi iyo. Dakalin ƙofar gida ya taso sama, ya ɗaga ƙafa ya taka wofi, ya faɗi kan gwiwa. Mafi muni, gefen gilashin yana da wani wuri da ba ya nuna komai, sai mutum ya ɓullo masa daga gefe farat ɗaya kamar daga ƙasa ya tsiro. Ranar farko da ya zauna cin tuwo, ya kai hannu ya ɗebo gefen tabarma.

Liatu ta matso masa da kwanon.

"Mayar da shi inda yake," in ji shi.

"Baban Toma, miyar za ta huce."

"Ta huce. Mayar da shi."

Washegari ya sa aka mirgino masa kututturen maɗaci tsakar gida, ya zube ƙusoshi a ƙwarya. Ya tsayar da ƙusa, ya ɗaga guduma, ta sauka a kan katako, gabanin ƙusar. Ya sake, ya wuce ta, ya sami babban yatsansa. Kafin la'asar farcen ya yi baƙi. Liatu tana matsar mai a gefe, duk ƙarar da ta ji ba ta ƙarfe a kan ƙarfe ba sai ta runtse ido.

Da farko dabara ya riƙa yi. Ya ce wa kansa, ƙusar tana gaba da inda nake ganinta, bari in ƙara yatsu biyu. Dabarar takan yi aiki sau ɗaya ta ƙi sau uku, kuma tana gajiyar da shi fiye da bugun. Sai wata safiya, cikin mako na uku, Mansir ya shigo yana ba shi labarin rigimar da aka yi a kasuwar Wunti kan wani bijimi da ya tsinke. Andrawus yana saurare yana dariya, hannunsa yana aiki. Mansir ne ya katse labarin.

"Malam Andrawus, tsaya. Ka san guda nawa ka kafa yanzu?"

Ya duba. Ƙusa bakwai a jere, kowacce ta shige har kai. Bai auna ba, bai ƙara yatsu ba, bai ma yi tunaninsu ba.

Da rana ya cire tabarau don ya wanke fuska, ya kai hannu ga inuwar buta, sai hannun ya zarce ta, ya ture ta da tsintsiyar hannu. Ya tsaya yana jin ruwa yana bin ƙafarsa. Ashe hannun ya riga ya karɓi sabon awo, har ya saki tsohon. Abin ya ba shi mamaki, ya kuma ɗan ba shi tsoro, kamar ya gano akwai wani mai aiki a cikin jikinsa da ba ya neman izininsa.

Ya koma rumfa. Ƙofofi suka daina lanƙwashewa a idonsa, ko kuma ya daina lura. Ya koyi juya kai gaba ɗaya in zai dubi gefe. Shekara biyu yana aiki, masu ƙirga bugu suka dawo bakin rumfa, ana kiransa Mai Ido Huɗu, shi kuwa yakan ce uku ne a ciki na aro.

A 1958, yana fitowa daga kasuwar Wunti da daurin ƙusa, wani jaki ɗauke da itace ya fito masa ta wurin nan da gilashin ba ya nunawa. Itacen ya doke shi a kunne, tabarau ya faɗi, jakin ya taka. Mai jakin ya yi ta ba da haƙuri yana tsince masa gutsattsarin. Wani mai tebur ne ya riƙo hannunsa har gida.

Faston majami'arsu ya rubuta takarda Kano. Amsa ta zo cewa irin wannan gilashi babu shi a ƙasa, sai an aiko daga ƙasar Turawa ta jirgin ruwa. Andrawus ya zauna jira. Wata biyar yana zaune a inuwar zaure, duniya ta koma haske da inuwoyi. Abin da ya fi damunsa ba zaman ba ne. Ya lura a cikin wata na farko ya daina ture buta. Hannun ya koma tsohon awonsa.

"Ya zubar da abin da na koya masa," ya ce wa Liatu. "Farce biyu na bayar. In gilashin ya zo sai in koma kan kututture kamar ɗan koyo, kuma ban san ko ina da sauran wannan ƙarfin ba."

"In ya zo ma gani," in ji ta.

Ranar da fasto ya kawo ƙunshin, Andrawus bai yi murna ba. Ya ɗora tabarau, ƙofa ta lanƙwashe, ƙasa ta taso. Ya sa aka fito da kututturen. Bugun farko ya sauka gabanin ƙusa, kamar yadda ya zata. Na biyu ya goge gefenta. Ya ciji leɓe ya ci gaba. A ƙusa ta tara guduma ta yi ƙarar da ya sani. Ta goma ta shige a bugu uku. Kafin ladan ya kira azahar a masallacin unguwa ya kafa hamsin, bai taɓa yatsa ba, ƙofar ma ta miƙe.

Liatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Mansir ya shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Mako uku wancan karon, yau rabin yini," in ji Andrawus. "Ashe bai zubar ba, Malam Mansir. Ajiyewa ya yi."

"Ikon Allah," in ji Mansir, ya zauna a ƙasa yana share ido da bakin riga. "Yau na sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi."

Wannan shi ne farin ciki na ƙarshe da aka yi a gidan. Bai fi wata takwas ba Andrawus ya fara jin ciwo a bayan idon dama, wani nauyi da ke zuwa da hantsi. Sannan wurin da ba ya gani a gefe ya fara faɗi. Da farko ya ɗauka laifin sabon gilashin ne. Ya ƙara juya kai, hannu ya bi, aiki ya ci gaba. Gefen ya ƙara matsowa, ya ƙara juyawa, hannu ya sake bi. Kowane wata da abin da ake ɗauke masa, kowane wata jikinsa yana samun hanyar rufe giɓin, har ba wanda ya gane. Ya ɓoye wa Liatu kusan shekara. Ta gano ne ranar da ta tsaya dab da kafaɗarsa da kwanon kunu, ta daɗe a tsaye, sai ya ɗaga murya yana kiranta kamar tana bayan gida.

Suka koma Kano. Likita ya daɗe yana haska idon, sannan ya yi magana a hankali. Malamin da ya fassara wancan karon shi ne dai ya fassara.

"Baba, ruwan cikin idon ne ya yi yawa, yana danne jijiyar gani. Ta riga ta bushe fiye da rabi. Za a ba ka magani na ɗigawa, zai rage saurin abin. Amma abin da ya tafi ba ya dawowa."

"A canja gilashi mana."

"Ba na gilashi ba ne."

Andrawus ya ce, "Wancan karon ka ce mini hannu zai koya, ya kuwa koya. Wannan ma zai koya?"

Malamin ya dubi likita, bai fassara tambayar ba. Da kansa ya amsa. "Wancan karon ido yana kawo labari, Baba. Karkatacce ne, amma yana kawowa, kai yana da abin da zai gyara. Yanzu labarin ne zai daina zuwa."

Suka karɓi maganin, suka dawo Bauchi.

Shekarar 1960 ta shigo, gari ya cika da zancen mulkin kai da na hanyar jirgin ƙasa da ake shimfiɗowa. Kafintoci ba sa samun lokacin cin abinci. Andrawus kuwa a lokacin ganinsa ya koma kamar na mai leƙe ta cikin kara: in ya dubi kan ƙusa, ƙusar kaɗai yake gani, ba ya ganin yatsun da ke riƙe da ita. Masu kawo aiki suka ragu, don ana ganin yadda yake laluben zarto a kan tebur. Fasto, saboda tausayi, ya ba shi aikin benci ashirin na makarantar majami'a, waɗanda za a zauna a kai ranar bikin mulkin kai.

Liatu ta rage ƙuli-ƙuli ta koma rumfa. Ita ke ja masa layi, ita ke ɗora bakin zarto a kan layin, ita ke riƙe ƙafar benci yana bugawa. Suka saba da juna a aikin har ba sa bukatar magana. Sun gama goma sha uku, saura kwana tara biki.

Da hantsin wata Alhamis suna kan na goma sha huɗu. Ya tsayar da ƙusa da bugun farko, ya janye yatsunsa kamar kullum. Bugu na biyu ya gamu da ƙulli a cikin katakon, ƙusar ta ɗan karkata. Shi bai lura ba, Liatu ta gani. Ta kai hannun dama don ta miƙar da ita. Hannun nata ya shigo ta inda ba ya gani, guduma kuwa ta riga ta taso. Ta sauka daidai inda aka koya mata.

Ba ta yi ihu ba. Wani sauti ta yi kamar an shaƙe ta, ta durƙusa. Andrawus ya yi ta juya kai yana nemanta ta 'yar ƙofar ganin da ta rage masa, ya ga ƙasa, ya ga ƙafar tebur, ya ga zaninta, sannan ya ga hannun.

Mansir ne ya ɗauko mai ɗori. Yatsu biyu sun farfashe, manuni da na tsakiya. Mai ɗori ya yi abin da zai iya, ya ce za su haɗe amma ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

"Laifina ne, Baban Toma," in ji Liatu da aka gama ɗaure hannun. "Da na yi magana."

"Ban kuskure ba," in ji shi. "Kin gane? Da na kuskure da kin tsira."

Wani kafinta daga Yelwa ne ya ƙarasa bencin. Ranar ɗaya ga Oktoba suna zaune a tsakar gida, suna jin ganguna da waƙar 'yan makaranta daga nesa. Mata suka wuce sanye da sabuwar atamfa, wata ta leƙo ta ce Liatu ta zo a tafi, Liatu ta ce hannunta na zafi. Da yamma Mansir ya kawo musu shinkafa da 'yar ƙaramar tuta kore da fari. Andrawus ya kawo ta dab da gilashi, ya bi ta kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya haɗa kamanninta a ransa.

Da aka kwance ɗorin, Liatu ta gwada matsar mai. Tunkuza tana zamewa daga hannunta, man ba ya fita. Ta gwada da hagu, ƙuli-ƙulin ya fito da laushi, masu saye suka koma wani gida. Wata safiya ta jawo guntun katako ta ajiye a gaban Andrawus, ta sa masa guduma a cinya.

"Ko kujerar tsuguno ce ka yi. Zan tsaya nesa."

Ya ɗauki gudumar, ya ji yadda ƙotar ta zauna a tafinsa. Ya san in ya ɗaga za ta sauka daidai. Ya miƙa mata.

"Mayar da ita akwati."

Kafin Kirsimeti ganin ya ƙare. Ba a rana ɗaya ya tafi ba, ya dai tashi wata safiya yana jiran gari ya waye, sai ya ji zafin rana a wuyansa. Suka sa fasto ya rubuta wa Toma. Amsa ta zo bayan wata guda: aikin kuza ya ja baya, an sallami rabin ma'aikata, matarsa tana da ciki, ɗaki ɗaya suke ciki, su yi haƙuri.

Bayan Ista suka bar Bauchi zuwa ƙauye, gidan ƙanen Andrawus. Mansir ya raka su tasha. Ya ce akwatin kayan aikin zai zauna a shagonsa, ajiya ce, duk ranar da aka dawo yana nan.

"Ka sayar, Malam Mansir. Tsatsa za ta ci."

"Ba zan sayar ba."

"To, ka bari ta ci."

Suka riƙe hannun juna har direba ya yi tsawa.

A ƙauye aka ba su ɗakin da ake ajiye dawa. Matar ƙanen ba muguwa ba ce, amma bakuna sun yi yawa a gidan, kuma damina ba ta yi kyau ba. Liatu tana bin mata gona tana tsintar abin da hannu ɗaya zai iya. Andrawus yana zaune a gindin ɗorawa daga safe zuwa yamma. Wata rana ƙanen ya ajiye masa damin rama a gabansa, ya ce, cikin jin nauyi, akwai wani makaho a ƙauyen gaba da ke tufka igiya, ana saye ranar kasuwa.

Andrawus bai taɓa damin ba kwana biyu. A rana ta uku, don zaman ya ishe shi, ya zaro zare biyu ya ɗora a cinya ya murza. Suka warware. Ya sake. Igiyar farko ta fito da kumburi nan da can, ta biyu ta ɗan daidaita. Bai so ya iya ba, bai kuma sa ransa a ciki ba, tunaninsa yana can Fadaman Mada. Kafin mako ya zagayo, ƙanen ya ja igiyar da ƙarfinsa duka, ya ce ko bijimi za ta riƙe.

Liatu ta dawo daga gona ta tarar da kamu goma sha biyu a naɗe kusa da ƙafarsa. Ta shafa ta da yatsunta uku masu aiki.

"Ta yi kyau," in ji ta.

"Na sani," in ji Andrawus. Bai ɗago kai ba, hannuwansa suna ta murzawa.